Lesbos, Tsibirin da Ake Biyan Kuɗin Jirgi Don a Kalli Tsuntsu

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Akwai wani tsibiri inda za ku ga mutane sun yi layi a bakin hanya, kowa ya kafa madubin hangen nesa a kan ƙafa uku, 'yan hutu ne. Daga Ingila da Holan da Jamus suka zo. Sun biya kuɗin jirgi da na otal, sun yi hayar mota, sun tashi tun duku-duku, duk don su ga tsuntsu. Ba su kamawa, ba su harbi. Su gani, su rubuta sunansa a ɗan littafi, su ƙara gaba. Na san wani zai ce abin ƙoshi ne, to, amma ku bari ku ji ko waɗanne tsuntsaye ne, da kuma inda suka fito.

Wurin nan sunansa Lesbos. Shi ne tsibiri na uku a girma a ƙasar Girka, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,600. Ku duba taswira: ya yi nisa da Atens, babban birnin ƙasar, ya matsa ya manne wa Turkiyya, har mutum na iya tsayawa a gaɓa ya hango duwatsunta ƙuru-ƙuru. Teku ta kutso cikinsa ta wuri biyu, kuma babbar kutsen ita ce ta Kalloni. A bakinta akwai fadamu, da ƙananan koguna, da filayen da ake tare ruwan teku a bar shi ya ƙafe a kwashe gishiri. An lissafa tsuntsaye sama da iri 300 a tsibirin, amma kasuwar ba ta ci sai daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu.

Me ya sa sai wannan lokaci? Amsar tana wajenmu.

Duk wanda ya san fadamun Haɗejia da Nguru, ko bakin tafkin Chadi, ya san akwai tsuntsayen da ke bayyana idan damina ta ɗauke, su yi rani tare da mu, sannan a neme su a rasa da zarar zafin bazara ya kankama. Agwagin ruwa ƙanana, da wata kurciya mai zane a wuya, da masu dogayen ƙafafu da ke tsintar abinci a taɓo, da tarin 'yan ƙanana masu launin ƙasa da ba wanda ke ɗaga kai ya dube su. Baƙi ne. A Turai da yammacin Asiya aka ƙyanƙyashe su, sanyi ne ya koro su. A watan Maris da Afrilu sai su juya arewa.

Yanzu ku yi tunanin tafiyar. Tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 12 ba, yana da Sahara a gabansa, abin da ya fi kilomita 1,500 babu tabbacin ruwa. Guzurinsa a jikinsa yake ɗauka. Makonni kafin tashi sai ya duƙufa ci, wasu har nauyinsu ya kusa ninkawa da kitse zalla. Masana da suka riƙa kama tsuntsaye suna aunawa a Malam Fatori, a bakin tafkin Chadi, a shekarun 1960, sun tarar da su suna cika ciki da ƙananan ƙwari da 'ya'yan itacen asawaki. Wato itacen da muke goge haƙora da shi, shi ke ba su ƙarfin ƙetare hamada. Yawancinsu da dare suke tafiya, da rana wasu su laɓe a inuwar dutse. Wanda ya tsira daga rairayi, sai ya tarar da Bahar Rum tana jiransa, ita kuma ba a sauka a kanta a huta.

Shi ya sa tsibiri mai ruwan daɗi da ciyawa da ƙwari ya zama kamar zango a hanyar fatake: kowa ya sauke kaya, ya sha ruwa, ya ci, gobe ko jibi ya ɗaura. Ba duka daga yankinmu suke ba, da yawa daga gabashi da kudancin Afirka suka taso. Masu kallon kuwa addu'arsu daban take da ta sauran 'yan yawon buɗe ido. Su hadari suke so. Idan sama ta yi garau, tsuntsaye sukan wuce ta can ƙololuwa ba a gan su ba. Amma in aka kwana ana ruwa ko iska ta taso daga arewa, sai gajiya ta sauko da su, gari ya waye kowane ɗan kurmi a cike. Ranar wahalar tsuntsu ita ce ranar murnar mai madubi, kuma wannan wani abu ne da ban cika jin ana faɗa ba.

Galibin masu kallon a ƙauyen Skala Kallonis suke sauka, kimanin kilomita 40 daga Mitilini, babban garin tsibirin. Daga nan filayen gishiri minti kaɗan ne. Ga filamingo nan garke guda, masu ruwan hoda, kai a cikin ruwa. Ga zalɓe iri-iri. Ga wasu 'yan'uwan shamuwa biyu, fari mai jan baki da baƙi mai farin ciki. A kan wayar lantarki kuma, tsuntsaye masu cin ƙudan zuma sun jeru da launin shuɗi da rawaya da ja-ja. Tsattsewa kuwa ba a ƙirga ta. Kusa da garin Kalloni akwai wasu itatuwan turare inda wata 'yar mujiya, wadda tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, take yini ta manne da kututture. Launinta da ɓawon itacen ɗaya ne sak, mutum goma za su tsaya a ƙasa, ɗaya ne zai fara ganinta. Ita ma kudu da Sahara take yin hunturu.

A bakin wannan ruwan na Kalloni ne Aristotal, shahararren masanin Girka na zamanin da, ya zauna wajen shekara ta 345 kafin haihuwar Annabi Isa, yana fede kifi yana nazarin dabbobi. Da duk kaifin basirarsa, batun ɓacewar tsuntsaye ya ba shi wuya. Ya gane cewa wasu manya ƙaura suke yi, amma ya ɗauka wasu tsattsewa ramuka suke shiga su ɓuya har sanyi ya wuce, wasu tsuntsayen kuma rikiɗa suke zuwa wani iri. Turawa sun daɗe a kan irin wannan zato. A shekarar 1822 aka harbo wani farin ɗan'uwan shamuwa a arewacin Jamus, sai ga mashin Afirka soke a wuyansa. Da shi ya yi tafiyar dubban kilomita. Har yau yana ajiye a Jami'ar Rostock.

Amma in ka tambayi tsohon mai kallo abin da ya kawo shi Lesbos musamman, tsuntsaye biyu zai kira maka. Na farko wani ɗan tsuntsu ne mai shuɗin baya da jan tabo a ƙirji, wanda aka raɗa wa sunan Bajamushe Krüper. Yana saukowa daga kututturen itace kai a ƙasa. Asalin gidansa Turkiyya, kuma a duk Tarayyar Turai nan ne kawai yake sheƙa, ana kuma zuwa ganinsa a dajin Achladeri. Na biyu yana yammacin tsibirin, ƙasa mai duwatsu da ƙarancin itace, inda aman wuta ya binne wani daji kimanin shekara miliyan 20 da suka wuce har itatuwan suka zama dutse. A gangaren tsaunin da gidan ibadar Ipsilou yake kai, akwai ɗan tsuntsu mai toka-toka da rawayan kai, wanda ke hunturu a kewayen Bahar Maliya. In gaskiya za a faɗa, ba shi da wani kyan a-zo-a-gani. Ƙarancinsa ne darajarsa.

Ga mai sha'awar zuwa, sai da bizar Shengen, ta shiga ƙasashen Turai. Daga Atens jirgin sama bai cika awa guda ba, jirgin ruwa kuma kwana ake yi a ciki. Mota dole ce. A fita da asuba, domin da rana ta take, zafi yakan sa hoto ya riƙa rawa a madubi. Kada a matsa wa sheƙa, kada a riƙa kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi, yana ɓata masa ƙarfin da zai ciyar da 'ya'ya. Kuma tunda bakin iyaka ne, akwai sansanonin soja, a kiyaye ɗaukar hoto kusa da su.

Mutanen tsibirin suna ji da waɗannan baƙi, don suna zuwa ne kafin lokacin masu wankan teku, sa'ad da ɗakunan otal suke a rufe da masu abinci suke zaman jira. Sun ƙara sanin amfaninsu bayan 2015, shekarar da 'yan gudun hijira kusan rabin miliyan suka sauka a tsibirin da mazaunansa ba su kai dubu 100 ba, yawon buɗe ido ya faɗi warwas. Sunan Lesbos a labarai ya koma na sansanin 'yan gudun hijira na Moria, wanda gobara ta cinye a Satumban 2020.

Zuwa ƙarshen Mayu ayarin ya wuce, masu madubi sun koma gida. Amma akwai wanda bai yi gaggawa ba. Wani shaho ne da ake kira Eleonora, wanda ke tasowa tun daga Madagaska, kuma mafi yawan irinsa a duniya a tsibiran Girka suke sheƙa. Sauran tsuntsaye na ta ƙyanƙyasa, shi yana ta cin ƙwari abinsa. Sai wajen ƙarshen Yuli yake yin ƙwai, ta yadda 'ya'yansa za su buɗe baki daidai lokacin da ƙananan tsuntsayen nan suka juyo kudu a Agusta da Satumba, da 'ya'yansu sababbin tashi waɗanda ba su taɓa ganin teku ba. A saman ruwa yake tare su, inda babu reshen da za a ɓuya.