Takarda ta ce taifod: shin gwajin Widal abin dogaro ne?

Assalamu alaikum, masu kallo. Zazzaɓi ya kwantar da mutum, aka ɗebi jininsa, kafin awa guda aka miƙo masa takarda: maleriya da taifod. Wannan sakamako ya zama ruwan dare, har wasu na ɗauka cututtukan biyu tare suke tafiya. Ku matso mu duba takardar nan da kyau.

Kowane gwajin asibiti da tambaya biyu ake auna shi. Idan masu cutar ɗari suka zo, nawa zai gano? Idan kuma ɗari marasa cutar suka zo, nawa zai wanke? Gwajin da ke ɗora wa lafiyayye cuta yana da illa kamar wanda ke sallamar mara lafiya, kuma a nan ne gwajin Widal, wanda aka saba yi don neman taifod, yake tuntuɓe.

Wani likita Bafaranshe, Georges-Fernand Widal, shi ya fito da gwajin a 1896. Ga yadda ake yinsa a yawancin wurare: a ɗiga ruwan jini a kan farin faranti, a ɗiga wani ruwa mai launi, a gauraya, a riƙa jujjuya farantin kamar minti ɗaya. Idan ya yi gudaji-gudaji, sai a rubuta adadi kamar 1:80 ko 1:160, wato ma'aunin ƙarfin sakamakon. Abin lura, ba ƙwayar cutar taifod aka gani ba. Makaman da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙar ta aka gani. Sawun ɓarawo ne a tsakar gida, ba ɓarawon ba, kuma sawun yana iya zama na bara. Wanda ya taso inda ruwan sha ba shi da tsabta, jikinsa ya sha haɗuwa da wannan ƙwaya da danginta. Maleriya kanta tana iya sa gwajin ya nuna taifod alhali babu. Shi ya sa a ƙa'ida sau biyu ake ɗibar jinin, da tazarar mako ɗaya zuwa biyu, a ga ko adadin ya ninka sau huɗu. Mutum nawa ne aka taɓa cewa su dawo a sake?

Abin da ke tabbatar da taifod shi ne a reni jinin a kwalba ta musamman har ƙwayar ta tsiro. Yana ɗaukar kwanaki, ya fi tsada, kuma yakan kuskure idan an riga an fara shan magani. Amma idan ya ce akwai, to akwai, har a gane maganin da zai kashe ta.

Wannan magana tana damuna ne saboda abin da ke biyo bayan takardar: allurai da ƙwayoyin kashe cuta da ba a bukata, ainihin ciwon kuma yana can yana ci. Yawan shansu barkatai ne ke sa cuta ta daina jin magani. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 ake fama da taifod da ya bijire wa yawancin magungunan da aka saba.

Gwaji mai kyau ma yana lalacewa a hannun da bai kula ba. A Najeriya, hukumar kula da aikin gwaje-gwajen asibiti, wato MLSCN, ita ce ke yi wa ɗakunan gwaji da ma'aikatansu rajista, don haka ba laifi ba ne ku nemi ganin takardar shaida. Gwajin maleriya na gaggawa, wanda ake huda yatsa, ya fi Widal aminci nesa ba kusa ba, amma ku duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin leda, kuma kada ya kasance ya yini a rana. A jira mintunan da kamfanin ya rubuta, galibi 15 zuwa 20. Idan layin da ke gefen harafin C a jikin abin gwajin bai fito ba, babu sakamako ke nan, sai a buɗe sabo a sake.