Bututun dalma: yadda ake gane shi da yadda ake cire shi

Assalamu alaikum. Malamai, masu gyaran famfo, iyayenmu mata da ke can baya, sannunku da zuwa.

In aka ce gubar dalma, Zamfara ake tunawa, 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Waccan daga haƙar zinari ta fito. Ta yau kuwa ta famfo ce: ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, ga ta da daƙushe ƙwaƙwalwar yaro. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikurogiram 10 a lita ɗaya; maikurogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram.

Babban bututun titi ba kasafai yake zama dalma ba. Ƙaramin da ya ɗauko ruwa daga titi zuwa gida, shi ne abin zargi, musamman a gine-ginen zamanin Turawa, irin na Sabon Gari da kwatas ɗin reluwe. Ku nemo inda ya shigo gida, ku karce shi da makulli. In yana da taushi, launin toka, wurin karcen ya yi ƙyalli kamar azurfa, ku kawo maganaɗisu. Ya kama, ƙarfe ne. Bai kama ba, dalma ce. Mahaɗarsa ma sau da yawa a kumbure take kamar albasa.

To, ga inda ake kuskure, a saurara da kyau. Sai a yanke rabin da ke yoyo, a jona sabo, a bar sauran a ƙasa don kuɗi bai kai ba. Yankan nan yana farfasa ɓawon da ya lulluɓe cikin bututun shekara da shekaru, dalma ta ƙaru a ruwan har tsawon watanni. In jan ƙarfe aka jona mata kai tsaye, cinyewar ta fi sauri. Ɓawon nan ba wasa ba ne: a Flint ta Amurka, 2014, an sauya ruwan gari ba a zuba sinadarin da ke kare shi ba, ya zube.

Saboda haka daga titi har cikin gida, gaba ɗaya, a sa na roba mai jure matsin ruwa. An gama, a kwance matacin bakin famfo, a saki ruwa minti 30.

Kafin a samu kuɗin, mu da ruwa kan yi kwanaki bai zo ba, na farkon da ya fito a yi wanki da shi, kada a dama wa jariri madara. Wata Hajiya a nan tana tambaya ko tafasawa na maganin abin. A'a, ba ta cire dalma. Ruwan ne ke ƙonewa, ita tana nan a tukunya.