Tsiron da ke ɓuya a lungun hanji

(Laccar da wani likitan ciki ya gabatar wa ma'aikatan lafiya da sauran jama'a a Kaduna, an rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum. Iyayena da abokan aiki, barkanmu da warhaka.

Sankarar babban hanji ba dare ɗaya take faɗo wa mutum ba. Galibi da ɗan tsiro take farawa a bangon hanji, wani bai kai ƙwayar wake ba, babu ciwo babu alama, kuma yakan yi kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe. Idan a wannan tsakanin muka zura na'urar leƙa hanji, wato kolonoskofi, muka gan shi, sai mu zarga masa siririyar waya mu tsinke shi, mutum ya kwana a gidansa.

To, ganin nan shi ne aiki. Babban hanji ya kai kusan mita ɗaya da rabi, ga kwana ga ninki, wani tsiron kuma a shafe yake, launinsa ɗaya da naman da ke kewaye da shi. Binciken da aka tattara a 2019 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na irin tsiron da kan zama sankara yana kuɓuce wa mai dubawa. Wani da aka yi a Kalifoniya ta Amurka a 2014 ya gano cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a yawan mutanen da likita ke gano wa tsiro, yana rage haɗarin ɓullar sankara bayan dubawa da kashi 3 cikin 100. Wannan lissafin yana hana ni sakaci.

Shi ya sa masu ƙera na'ura suka duƙufa. Kamfanin Olympus ya kawo hasken NBI mai fito da ƙananan jijiyoyin jini ɓaro-ɓaro, kamfanin Fujifilm ma yana da nasa mai suna LCI. Akwai Endocuff, 'yar hular roba mai yatsu da ake sa wa bakin na'ura. Kana janyowa tana baje ninkin hanji, ka ga abin da ke bayansa. Sai ƙirƙirarriyar basira. A 2021 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da GI Genius, wata kwamfuta mai taya likita gano tsiro: kana kallon allo, sai koren akwati ya bayyana a kan wurin da kwamfuta ke zargi, kai kuma ka tsaya ka wanke wurin ka duba. A gwajin da aka yi a Italiya a 2020, an gano tsiro a kusan kashi 55 cikin 100 na waɗanda aka duba da ita, kashi 40 kuma ba tare da ita ba. Yawancin ƙarin ƙananan tsiro ne, amma ni ban raina su ba.

Sai dai kwamfuta abin da kyamara ta haska kaɗai take gani. In hanji bai wanku ba, an yi aikin banza. Don Allah ma'aikatan jinya, ku zauna da mara lafiya ku yi masa bayanin maganin wankin ciki da Hausa: rabi da daddare, rabi da asuba, har sai abin da ke fita ya zama ruwa garau. Mu likitoci kuma kada janyo na'ura ya gaza minti 6, komai tsawon layi a waje.

Babbar damuwata a nan Kaduna ma tun kafin a zo ɗakin dubawa take. Magidanci zai yi wata da watanni yana ganin jini a bayan gida, a ce masa basir ne, ya yi ta shan jiƙo, sai ya rame cikinsa ya toshe sannan a kawo shi asibitin Barau Dikko ko na Shika. A Amurka tun 2021 daga shekara 45 ake fara tantance mai lafiya ƙalau. Mu nan muna ganin ciwon har a waɗanda ba su kai haka ba.

Saboda haka ku da ke ƙananan asibitoci, wanda ya zo da jini a bayan gida, ko canjin yanayin bahaya da ya ƙi wucewa, ko ƙarancin jini da ba a san dalilinsa ba, ku tambaye shi ko an taɓa yin ciwon a danginsu, ku rubuta masa takardar zuwa babban asibiti a ranar. Wanda ba shi da alama kuma, akwai gwajin bayan gida na FIT mai gano jinin da ido ba ya gani, ya fi kolonoskofi araha nesa ba kusa ba. In ya nuna jini, sai a turo mana shi.

Yanzu sai tambayoyi. Hajiya, bismillah.