Sunan wa za a sa a takardar gida idan da bashin banki aka saya?

Hadiza: Barkanmu da warhaka, masu saurare. Tun satin jiya saƙonni ke shigowa daga Birni da Zango a kan magana guda: mata da miji sun haɗa kuɗi, banki zai cika sauran, to sunan wa za a rubuta? Malam Sani, bismilla.

Sani: Hajiya, kafin suna a duba takardar tukuna. Dokar jingina ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, wadda aka sabunta a 2010, ta ce gidan da aka yi wa rajista kaɗai ake jinginarwa. Wato mai titir fonsiye, cikakkiyar takardar mallaka. Takardar fegi ta magajin gari ba ta kai nan ba, sai an juya ta. Idan titir ya fito da suna biyu, banki zai ce dukansu su je gaban noter, mai rubuta yarjejeniya ya tabbatar da ita bisa doka, su sa hannu, domin jinginar da mutum ɗaya ya yi a kan gidan tarayya tana iya rushewa ranar rabo.

Hadiza: Idan gidan na matar ne, miji ke cin bashin fa?

Sani: Nan ne nake jin tsoro. Za ta sa hannu a matsayin mai tsaya masa da gidanta. Ya kasa biya, gidanta za a sayar, ko da dala ba ta shiga hannunta ba. Kada mace ta sa hannu sai an karanta mata da Hausa, layi-layi.

Lawali: Yaya Sani, ka manta rikicin rubutun suna. Katin ɗan ƙasa Mariama, takardar haihuwa Maryama.

Hadiza: Takardar aure kuma Mairo!

Lawali: Mata uku ke nan, saura ɗaya a rufe ƙofa.

Hadiza: Ta huɗun Mariya, ita ce a takardar albashi.

Sani: Kuna dariya, amma harafi ɗaya yana tsayar da dosiye wata da watanni. A gyara tun kafin a kai banki. Sannan noter ya rubuta kason kowa, rabi da rabi ne ko kashi 60 da 40. Idan sunan miji kaɗai ke ciki ya rasu, gidan duka ya zama gado, mata tumuni ne nasu idan akwai ƴaƴa, kuma kishiyoyi raba shi za su yi. Wadda ta sayar da zinariyarta aka yi dabe sai ta nemo shaidu.

Lawali: Inshorar rai fa? Idan albashi biyu aka lissafa...

Sani: Su biyun a yi musu, in ba haka ba wanda ya rage zai ɗauki bashin shi kaɗai. Akwai kuma...

Hadiza: Malam, lokaci ya ƙure, ga kiran magariba. Inshora sai mako mai zuwa.