Kwamfuta ta ƙi tashi? Saurari disk ɗin kafin a yi format

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku dubi allon kwamfutar nan: baƙi ƙirin, sai layi ɗaya yana cewa ba a ga inda za a tashi ba. A nan Garwa wata da Turanci za ta rubuto, wata da Faransanci, amma kukan ɗaya ne.

Idan ka danna maɓalli, ba Windows ke fara farkawa ba. Akwai ɗan shirin da ake kira BIOS, shi ke kiran suna kamar malami a aji: RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, na nan? Madannai na nan? Idan RAM bai zauna daidai ba, sai ka ji ƙara tit-tit ko fitila ta riƙa ƙyaftawa. Daga nan BIOS ya shiga neman Windows, ƙofa bayan ƙofa. Shi ya sa filashin da ka manta a jiki kan iya jawo wannan rubutu. Zare shi, ka sake kunnawa. In kuma agogo kullum yana komawa shekarun baya, ɗan batirin nan ne na cikin kwamfutar, mai kama da kwabo, CR2032, mai volt 3. In ya mutu BIOS ya manta saitinsa. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

To, ga inda nake so ku kasa kunne. Wannan shi ne faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira disk dur. A ciki akwai faranti mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wata allura tana shawagi a kansa ba ta taɓa shi. Tazarar da ke tsakaninsu, ko ƙwayar ƙura ta fi ta girma nesa ba kusa ba, don haka kada wani ya buɗe maka shi a kan tebur. Yanzu ka tuna yadda muke yi: kwamfuta a kunne cikin jaka, an hau babur, ga ramuka. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Maris da Afrilu ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu.

Ku ji: ƙas, ƙas, ƙas. Allurar ce ke lalube, ta rasa hanya, ta koma. Duk kunnawar da ka ƙara, tana iya kankare farantin, da hotunan biki da lissafin shago a kai. Kashe kwamfutar kawai.

Sau da yawa disk ɗin yakan yi gargaɗi kafin ya mutu: nauyi, fayil ya ƙi buɗewa, shuɗin allo jefi-jefi. Sa CrystalDiskInfo, wani shiri mai nuna lafiyar disk da launi, kyauta ne. Shuɗi lafiya, ja ya lalace. Rawaya ne ke yaudarar mutane, don kwamfutar tana aiki sarai. Ni dai in na ga rawaya, a daren nake kwashe komai. SSD kuwa, wato sabon nau'in ma'ajiya, ba shi da abin juyawa, shiru yake mutuwa.

In ka isa wurin mai gyara, kafin ya ce format, wato a goge duk abin da ke kan disk ɗin, ka ce: "Malam, ciro min disk ɗin tukuna, ka haɗa shi da wata kwamfuta ta USB, mu kwashe abin da zai kwasu."