Darasi: Yadda ake kamo STAT3 mai fosfet a tsokar zuciya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Malam, ɗan matso da kyamarar nan kusa da bokitin ƙanƙara, don yau rabin aikinmu a cikinsa yake. Westan bulot, wato hanyar raba furotin a cikin jel a gano wanda ake nema da antibodi mai kama shi, za mu yi a kan tsokar zuciyar ɓera, muna neman furotin STAT3 wanda aka liƙa wa fosfet a gurbin tayirosin na 705, ɗaya daga cikin tubalan da suka gina furotin ɗin. Haɗa jel da loda samfuri kun riga kun iya, ba zan tsaya a kansu ba.

Kafin in taɓa komai, bari in faɗa muku dalilin da ya sa nake bibiyar wannan furotin. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin masu jego a Kano ko Sakkwato ya san hoton: mace ta haihu lafiya, bayan 'yan makonni ƙafafu sun kumbura, numfashi yana sarƙewa, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matashi. Zuciyar ce ta buɗe ta yi laushi, ba ta iya harba jini. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka rubuta wannan ciwo a Zariya, kuma a arewacin Najeriya ana samunsa a kusan haihuwa 1 cikin 100, abin da ba a cika ganin irinsa ba a duniya. A da wankan jego da kunun kanwa aka fi zargi. Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano sun jawo hankali zuwa ƙarancin sinadarin seleniyam, abin da aka taɓa gani a Yamai ma.

To ina STAT3 ya shigo? A Jamus, a birnin Hanoba, Denise Hilfiker-Kleiner ta cire wannan furotin daga ƙwayoyin tsokar zuciyar ɓeraye kawai. Ɓerayen suna zaune lafiya har sai matan sun fara haihuwa, sannan zuciyarsu ta gaza. A 2007 ta bayyana abin da ke faruwa. STAT3 ne ke sa ƙwaya ta ƙera MnSOD, mai share gubar iskar oksijin. In babu shi gubar ta taru, sai ta tayar da katefsin D, wani furotin mai yanka wasu furotin, shi kuma ya datsa furolaktin, wato sinadarin da ke kawo ruwan nono, daga kilodalton 23 (ma'aunin nauyin furotin) zuwa guntu mai 16. Wannan guntun ne ke lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da zuciya. Da ta toshe furolaktin da maganin bromokiriftin, ɓerayen suka tsira. A 2010 Karen Sliwa ta gwada maganin a kan ƙaramin rukuni na mata 20 a Afirka ta Kudu. Don Allah kada wata ta ji wannan ta nufi kemis. Maganin yana tsayar da nono, kuma ana haɗa shi da maganin hana daskarewar jini, don haka sai a hannun likitan zuciya.

Mu koma kan tebur. STAT3 zalla ba ya gaya maka komai. Sai wani furotin mai suna JAK ya liƙa masa fosfet sannan STAT3 ya haɗu da ɗan'uwansa su shiga cibiyar ƙwaya su kunna aiki. Fosfet ɗin nan kamar maɓallin fitila yake, kuma da ka fasa ƙwaya, fosfatas, wato furotin masu cire fosfet, suna nan a shirye su cire shi. Shi ya sa komai a kan ƙanƙara. Tsokar nan daga firiza mai 80 ƙasa da sifili ta fito, kuma ba zan bar ta ta narke a hannuna ba.

Ga bafar RIPA, wato ruwan da ke fasa ƙwayoyi ya fito da furotin, da maganin hana narkewar furotin a ciki, da sodiyam fulorayid. Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai, wato banadet. Sodiyam otobanadet shi ne ke tsare fosfet ɗin tayirosin, amma ba a ɗebo garinsa a jiƙa a zuba kawai. Sai an tayar da shi. Ka haɗa milimola 200, ka daidaita pH zuwa 10. Za ka ga ruwan ya koma ruwan ɗorawa. Ka tafasa shi har launin ya ɓace. Ka bar shi ya huce, ya huce sosai, kada ka tsoma mita cikin ruwan zafi. Ka sake aunawa, za ka tarar pH ya gusa. Ka mayar da shi 10, in launin ya dawo ka sake tafasawa. Haka za ka yi ta yi har ruwan ya tsaya fari tas, kuma pH ya zauna a 10 bai motsa ba. Launin nan alama ce cewa banadet ɗin ya dunƙule, kuma a dunƙule ba ya tsare komai yadda ya kamata. Yawancin waɗanda ke rubuto mini cewa antibodinsu ya lalace, in ka bi diddigi a nan matsalar take. Ka raba shi a ƙananan kwalabe, ka ajiye a firiza mai 20 ƙasa da sifili, kowace kwalba amfani ɗaya.

Milimola 1 muke so a ƙarshe, ke nan mikirolita 5 zan ɗiba. A'a, dakata, mililita 2 na zuba na bafa, to 10 ke nan. Yauwa.

Sai niƙa. Tsokar zuciya tana da tauri, ba kamar hanta ba. Ni na fi son turmi da ruwan naitirojin in an samu, a mayar da ita gari tun tana daskare. In injin niƙa gare ka, ka riƙa yi kaɗan-kaɗan kana mayarwa cikin ƙanƙara, don yana zafi. Sentirifuj mai sanyi, ka kwashi ruwan sama, ka auna yawan furotin da gwajin BCA, mikirogiram 30 a kowane rami, tafasawa minti 5 a digiri 95. Jel mai kashi 10 cikin 100 ya isa, domin STAT3 yana fitowa wajen kilodalton 86, wani lokaci da ɗan layi a ƙasansa wajen 79. Kada ka firgita, nau'insa na biyu ne. Wanda ke neman guntun furolaktin mai 16 kuwa, wannan jel ɗin ba nasa ba ne. Ya haɗa mai kashi 15, ya nemi membiren, wato takardar da ake kwafe furotin a kanta daga jel, mai ƙofofi mikiromita 0.2, in ba haka ba guntun ya ratsa ya wuce.

Wani abu da ba na tsallakewa: rami ɗaya na samfurin tabbaci. Ƙwayoyin da aka zuba wa IL-6, wani sinadari mai tayar da JAK, na kamar minti 15 suna cika da STAT3 mai fosfet. In wannan ramin ya fito sauran ba su fito ba, ka san aikinka lafiya yake, amsar ce haka. In shi ma bai fito ba, ka koma kan banadet ɗinka.

Ga wanda na riga na kwafe a kan membiren ɗazu, mu ci gaba da shi. Malam, haska nan. Toshewa za mu yi, don kada antibodi ya liƙe ko'ina a membiren, kuma na san madarar gari ta fi arha, kowa ita yake so. Amma madara tana da kasin, shi kansa furotin ne mai fosfet, sai ka tarar bayan hoton ya yi duhu. Ku yi amfani da BSA, wato furotin daga jinin shanu, kashi 5 cikin bafar TBST, awa ɗaya. TBST na ce, ban ce PBS ba, domin PBS bafar fosfet ce. Na san BSA yana da tsada a wajenmu. Abin da nake ba ɗalibai shawara shi ne dakuna biyu ko uku su haɗa kuɗi su sayi babbar kwalba su raba, haka ma antibodi. 

Antibodi na farko, 1 cikin 1000, a cikin BSA ɗin nan dai. Zai kwana yana jijjiga a digiri 4. Inda wuta ba ta tsayawa, ka sa akwatin cikin kula da ƙanƙara, ka rufe da kyau. Kuma kada ka zubar da ruwan antibodin da safe, yana sake aiki in ka adana shi a sanyi.

Gobe za mu wanke, mu sa antibodi na biyu, mu ɗauki hoto, sannan mu kankare membiren ɗin mu nemi STAT3 gaba ɗayansa, domin da shi ake gwada mai fosfet ɗin. Ku tuna mai fosfet ake fara nema, kankarewa tana rage shi. Malam, rufe mini firjin nan. Sai goben in Allah Ya kai mu.