Sharhi: Kogin da aka mayar wa hanyarsa

Jama'a masu sauraro, a watan Oktoba na 2024 masu kula da kifaye a jihar Oregon ta Amurka suka hango kifin salmon yana iyo a wani rafi da ke zuba cikin Kogin Klamath. Rabon da a ga irinsa a wannan yanki tun 1912. Ba tarihin kifi ya sa na kawo wannan labari ba. Makonni kaɗan kafin nan aka gama rushe madatsun ruwa huɗu da suka tare kogin, wato Copco na ɗaya da na biyu, da J.C. Boyle, da Iron Gate.

Na san wani zai ce, ana neman wuta ana neman ruwa, wane mai hankali ne zai fasa dam? To ku biyo ni.

Shi salmon a rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sannan ya juyo ya hauro har inda aka haife shi ya zuba ƙwai. Da aka shiga aikin gina Copco na ɗaya, wanda aka kammala a 1918, sai hanya ta toshe. Ruwan da ya kwanta a bayan madatsun ya riƙa ɗumi yana tara gansakuka mai guba. A 2002 kuwa, da ruwa ya yi ƙasa, kifi sama da 30,000 suka mutu a gangaren kogin, gawarwakinsu jere a gaɓa. Ga ƙabilun Yurok da Karuk, 'yan asalin yankin, waɗanda abincinsu da bukukuwansu ke rataye da wannan kifi, mutuwa ce ta shigo gida. Sun yi shekara ashirin suna fafutuka, har Sikotlan suka je suka tsaya a ƙofar taron masu hannun jarin kamfanin da ke riƙe da madatsun a lokacin.

Amma a ganina, ba tausayi ne ya kai ƙarshen maganar ba, lissafi ne. Lasisin kamfanin PacifiCorp, mai madatsun, ya ƙare a 2006, kuma sabuntawa na buƙatar ya gina wa kifi matakalar haurawa. Wutar da madatsun ke bayarwa ba ta kai kashi biyu cikin ɗari na wutar kamfanin ba, ba kuma da su ake noman rani ko shayar da birni ba. Da aka buga, gyara ya fi rushewa tsada. Hukumar makamashi ta tarayya ta amince da rushewar a Nuwamban 2022.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Da aka buɗe ruwan a farkon 2024, lakar shekaru ta kwararo ta kashe kifaye, barewa ta maƙale a taɓo, mazauna bakin tafkin Copco suka wayi gari tafkinsu ya zama fili. Sai da aka bi wurin ana shuka irin ciyayi da itatuwan asali. Yanzu kusan kilomita 640 na koguna da rafuka sun buɗe wa kifi.

Ba ina cewa a ɗauki guduma a nufi Tiga ko Challawa ba. Kano na sha daga gare su, manoman Kadawa na ci. Sai dai tun da aka tare Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar damina da ke cika fadamun Hadeja da Nguru ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba kachala damar toshe magudanai. Masunci a Nguru ya san zafin da Bayurok ya ji, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Tasa buƙatar ma ba ta kai ta rushewa ba: a saki ruwan a lokacin da kogi ya saba kawo shi, a kuma tambaye shi kafin a murɗa ƙofar dam.